Wayar da Baba Ya Haɗa Mini

Kawu, don girman Allah ka taimaka mini kafin ranar Asabar ta sama, don idan ranar ta zo ban san abin yi ba, ƙaryar da na yi za ta fita daga gidanmu ta shiga gidan mutane. Na san filinka na tambayoyin na'ura ne, ba na rigimar iyali ba, amma tawa matsalar ta haɗa biyun, kuma na rasa ta inda zan kama ta.

Ni mai zanen gidaje ce. A kwamfuta nake aikina: mutum ya zo mini da girman filinsa da abin da yake so, in zana masa gidan, in fitar masa da hotonsa kamar an riga an gina, har da hasken rana a jikin bango da inuwar labule a ƙasa. Shekara shida na yi a ofishin wasu, bara na ajiye na buɗe nawa a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu. Ba yabon kai ba, na iya aikina, kuma ba ni da tsoron sukundireba. Na faɗa maka wannan ne don kada ka amsa mini kamar wadda ba ta taɓa buɗe bayan kwamfuta ba.

Kwamfutar da nake aiki da ita ni da Baba muka haɗa ta, shekara tara ke nan. Baba ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin. Shekara uku da suka wuce ya rufe shago, ba don ya gaji ba, sai don mutane sun daina kawo gyara. Abu ya lalace, a jefar a sayo sabo. Ya kwaso teburin aikinsa ya kafa a barandar gida, da tabon ƙuna a ko'ina a jikinsa, da gwangwanayen kusoshi kowanne da girmansa, da ƙarfen narka dalma, da mitarsa ta auna wuta mai allura wadda yake ajiyewa a cikin jakar fata kamar jaririya. A gidanmu ba a jefar da abin lantarki sai Baba ya buɗe shi ya gani. Tocilan da ya girme ni yana nan yana aiki. Umma takan ce idan wata rana ta kwanta ciwo, a ɓoye masa sukundireba.

Shekara huɗu baya, akwatin wutar kwamfutar, wato wannan akwatin ƙarfen mai fanka da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa kayan ciki, ya fara wani irin kuka siriri. Baba ya buɗe shi, ya cire wasu ƙananan kayan ciki da ake kira kwandansa, guda uku da suka kumbura, ya sa sababbi, ya rubuta kwanan wata a gefensa da baƙin alƙalami. Tun daga ranar bai ƙara ko tari ba. Duk baƙon da ya shigo ɗakina sai Baba ya biyo shi ya nuna masa rubutun nan.

To, watan jiya na sayi sabon katin hoto, wanda masu shago ke kira girafik kad. Shi ne ke ɗaukar nauyin fitar da hotunan gidajen da nake zanawa, kuma tsohon nawa ya tsufa. Hoto ɗaya sai in ɗora, in je in yi wanka, in ci abinci, in dawo yana rabi. Mai shagon ya tambaye ni ƙarfin akwatin wutata. Na ɗaga kai na ce masa lafiyarsa lau, kada ya damu. Gaskiyar magana ban san ƙarfinsa ba a lokacin, kawai ban so a ce mace ta shigo shagon kwamfuta an fara koya mata karatu. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Da na zo gida na buɗe kwali, sai ga kati tsawon kamu guda, da ƙyar ya shiga. A gefensa akwai wurin sa fulogi guda biyu, kowanne mai ido takwas. Na duba wayoyin akwatin wutata, fulogi ɗaya tak na samu irin nasa, shi ma mai ido shida. Ina zaune na yi tagumi Baba ya leƙo. Kawu, da ka ga fuskarsa. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun yana da shago. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Kwana biyu ya yi a kan aikin. Ya fita kasuwa ya samo fulogi masu ido takwas, ya yanke wayoyin da aka tanada don faifan ajiya waɗanda ba na amfani da su, ya haɗa su da dalma, ya sa wa kowane haɗi rigar roba, ya naɗe da baƙin salatif, ya jera su tsaf kamar kitso. Ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba, har hoto na ɗauka. Ya kunna kwamfuta, ya ɗora mitarsa, allura ta tafi ta tsaya cak a kan bolt sha biyu. Ya kira ni in gani da idona, ya kira Umma ita ma ta gani, ko da yake ba ta san me take kallo ba.

Rubutu, lafiya. Zane, lafiya. Amma da zarar na ce ta fitar da hoto, sai fankokin katin su ɗauki gurnani, minti uku ko huɗu, wani lokaci ko minti ɗaya ba a yi, sai ɗif. Komai ya mutu kamar an zare fulogi daga bango. In danna ta tashi kamar ba abin da ya faru, in sake ɗorawa ta sake mutuwa. Sau ɗaya na sa hannu na taɓa inda Baba ya haɗa wayoyin, na ji zafi sosai, kuma akwai ɗan ƙauri kamar na roba.

Da farko ban ɓoye masa ba. Ya zo da mita, ya auna, sha biyu. Ya ce akwatin ba shi da laifi, mita ba ta ƙarya, wataƙila soket ɗin bango ne. Ya canza soket. Ana cikin haka Yayana ya zo gida gaisuwa, ya tarar da mu a tsugune. Yaya mutum ne mai kirki amma bakinsa ba shi da birki. A gaban Baba, Yaya ya ce wannan ba zamanin rediyo ba ne, abubuwan nan sun wuce shi, a jefar da tsohon akwati da tarkacen wayoyin a sayo sabo a huta. Baba ya miƙe tsaye. Ya naɗe wayoyin mitarsa, ya sa ta a jaka, ya fita. Kwana biyu bai zauna a teburinsa ba, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a ɓoye, na yi kwana huɗu ban ɗauki wayar Yaya ba.

A rana ta uku na je na sami Baba na ce masa kwamfuta ta gyaru, ashe soket ɗin ne. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Nan take ya kira Yaya a waya ya wanke shi tas.

Sati uku ke nan ina cikin wannan ƙaryar. Kullum da safe in yi zanena a gida, in kwashe a filash, in ce zan je duba fili, in tafi ofishin wata ƙawata in ari kwamfutarta in fitar da hotuna. In dawo in buɗe hoton a allona in bar shi, don idan Baba ya leƙo ya ga aikin wayarsa. Yana leƙowa kuwa, ya gyaɗa kai, ya wuce. Ƙawar tawa ta fara duba agogo idan na shigo, kuma ban ga laifinta ba, ita ma tana da nata aikin.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na ci gaba da lallaɓawa. Amma Baba yana da wani amininsa mai gyaran agogo, kullum da la'asar suna zama tare. Ya ba shi labarin yadda ya ƙure ɗansa, ya tayar da katin zamani da tsohon akwati. Ashe surukin mai agogon yana da shagon ɗaukar hoto, shi ma ya sayi irin katin nan, shi ma fuloginsa bai kai ba. Sun aiko suna roƙon Baba ya je ranar Asabar ta sama ya haɗa masa irin wayar. Kawu, wannan ne karo na farko cikin shekara uku da wani daga waje ya nemi Baba da aiki. Ya sa an wanke masa rigar aikinsa an goge. Ya kankare bakin ƙarfen dalmarsa har yana ƙyalli. Jiya na ji shi yana waƙa a baranda.

Idan na yi shiru, zai je ya haɗa wa bawan Allah wayar da na san tana zafi, a shagon da ke cike da takardun hoto, kuma idan wani abu ya faru sunan Baba ne zai ɓaci a bakin mutane, bayan shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Idan na faɗa masa, na tabbatar da maganar Yaya, kuma ya gane 'yarsa ta yi sati uku tana yi masa wasa da hankali.

Ga tambayoyina. Wane irin akwati ya kamata in saya? Na zaga shaguna, wani ya ce mai ƙarfin wat ɗari shida ya isa, Yaya ya ce in sayi mai dubu in huta, wani kuma ya nuna mini wani mai walƙiya an rubuta ɗari takwas a jikinsa, na ɗaga na ji shi ba nauyi kamar babu komai a ciki. Shin idan ya yi girma da yawa zai ƙona kwamfutar? Jiya na zauna na karanta lambobin da ya kamata in karanta tun farko. A jikin tsohon akwatin an rubuta wat ɗari huɗu da hamsin, kuma a ƙarƙashin bolt sha biyu an rubuta amfiya talatin. Takardar katin ta ce yana jan wat ɗari biyu da hamsin, kuma ta ce a nemi akwatin da bai gaza ɗari shida da hamsin ba. Ƙwaƙwalwar kwamfutar kuma ɗari da ashirin da biyar. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, sai da na ɗauke su hoto da wayata na buɗa sannan na iya karantawa. Baba bai taɓa tambayata takardar katin ba. Na dai lura kwanan nan ko takardar magani ce ni yake miƙo wa in karanta masa, ya ce hannunsa da maiƙo.

Tambayar ƙarshe, kada ka yi mini dariya. Na yi tunanin in sayo sabon akwati in sa a ɓoye ranar da ya fita, in bar wayarsa a ciki a naɗe kamar tana aiki. Na iya yi, minti arba'in ya ishe ni. Sai in nemi wata dabara ta hana shi fita ranar Asabar. Me ka gani?

Taka,
'Yar Mai Rediyo

Amsar Kawu

'Yata, na tsallake wasiƙu biyar na ɗauko taki saboda Asabar ɗin nan, don haka bari in tafi kai tsaye. Kafin ki gama karanta wannan shafi, ki kashe kwamfutar, ki zare fuloginta daga bango, ki cire wayar nan daga jikin katin. Waya mai zafi da ƙaurin roba ba a ba ta kwana guda. Ki mayar da tsohon katinki ki ci gaba da zane da shi har ki sayo akwati.

Yanzu lissafi, kuma ke kika kawo lambobin. Babbar lambar da ake rubutawa a jikin akwati ba ita ce ke ɗaukar katin hoto ba. Kati da ƙwaƙwalwar kwamfuta duk daga layin bolt sha biyu suke sha. Naki akwatin yana ba da amfiya talatin a wannan layi. Sha biyu sau talatin, wat ɗari uku da sittin ke nan, kuma wannan lokacin da yake sabo ne, shekara tara baya. Katinki ɗari biyu da hamsin, ƙwaƙwalwa ɗari da ashirin da biyar, sauran fankoki da faifai da babban allo ki ba su hamsin. Ɗari huɗu da ashirin da biyar. Kin ga tun a takarda an riga an gaza. Ga shi kuma katunan zamani ba sa jan wuta a hankali, fizga suke yi. Cikin ƙasa da ƙiftawar ido sai su zarce abin da aka rubuta musu nesa, su dawo. Akwatin yana jin fizgar nan sai ya kashe kansa don kada ya ƙone ya ƙona sauran kaya. Wannan ɗif ɗin da ke ba ki haushi, shi ne ya tsare miki katin har yau.

Wayar kuma, tsaftar aikin ba ta canza kaurinta. Wayoyin faifan ajiya an yi su ne don ɗaukar abin da bai wuce wat hamsin da 'yan kai ba, fulogi mai ido takwas kuwa ana iya jan ɗari da hamsin ta cikinsa. Ko wa ya haɗa ta sai ta yi zafi.

Ki sayi mai ɗari bakwai da hamsin. Ɗari shida da hamsin ɗin da takardar ta faɗa shi ne ƙasa, kuma ke aikinki ba wasa ba ne na minti goma, kati kike sa wa kaya na sa'o'i. Babban akwati ba ya ƙona kwamfuta, abin da take buƙata kawai take ja. Dubun da Yayanki ya ce ba zai cutar da komai ba, ba ki da buƙatarsa ne kawai. Wancan mai walƙiya mara nauyi kuma ki bar wa mai shi. Idan kin je shago, ki juya kwalin ki nemi layin bolt sha biyu. A akwatin kirki mai ɗari bakwai da hamsin za ki ga amfiya sittin ko sama da haka. Idan kin ga arba'in, ƙaryar tana jikin babbar lambar. Ki tabbatar yana da wayoyin kati guda biyu masu ido takwas, kowacce ta fito daga akwatin da kanta, ba waya ɗaya mai kai biyu ba. Ki nemi garanti a rubuce, shekara biyar ko fiye, da kwalin da ba a taɓa buɗewa ba. Ki auna wurin zamansa a cikin kwamfutarki da tef kafin ki fita, tunda kin ce katin ma da ƙyar ya shiga. Idan irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ki taɓa sa masa wayar wani akwatin ko da bakinta ya shiga daidai, domin jerin cikinsu ba ɗaya ba ne. Daga nan inda nake ba zan rantse miki cewa babu wata matsala ta biyu ba. Idan kin canza kuma ta sake mutuwa, ki duba zafin katin da iskar da ke shiga. Amma da lambobin da kika ba ni, ina da tabbacin akwatin ne.

Sai mu zo kan Baba, wanda shi ne ainihin wasiƙarki.

Yayanki ya faɗi gaskiya rabi, kuma ya faɗe ta da mugun baki. Akwatin ya gaza, haka ne. Amma cewa abin ya wuce Baba, wannan ban yarda ba. Mutumin da ya ji kukan akwati ya gane kwandansa ne, ya canza, abu ya ƙara shekara huɗu, ba a ce masa bai san wuta ba. Kuskurensa na masu rediyo ne, kuma ni ma na taɓa yin irinsa. Rediyo abin da take ja da safe shi take ja da rana, don haka idan ka auna ka ga sha biyu, ka gama. Ya auna kwamfutarki tana zaune ba ta ɗauke da komai, mita ta ce sha biyu, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ba a tambaye ta lokacin da ya dace ba ne. A zamaninsa kuma bai taɓa haɗuwa da wani kati guda da ke shan wuta fiye da talabijin biyu ba. Wa ya gaya masa? Ke da kanki sai jiya kika karanta takardar. Kuma kin ba ni amsar abin da ya hana shi karantawa, ko da yake kin wuce ta da sauri: idonsa ne, 'yata, ba hannunsa ba. Allurar mita yana ganinta, ƙananan lambobi ba ya gani, kuma ba zai faɗa ba. Bayan wannan rigimar ta lafa, ki lallaɓa shi a je a auna masa tabarau.

Dabararki ta sa akwati a ɓoye, ban yi dariya ba, amma a'a. Mutumin da ya rubuta kwanan wata a jikin akwati zai gane ba nasa ba ne da kallo ɗaya. Ko bai gane ba, kin gyara kwamfutarki kin bar shi da ilimin da ba daidai ba a kansa, kuma idan kin hana shi fita wannan Asabar ɗin, akwai wata a bayanta.

Ga abin da za ki yi. Ki same shi shi kaɗai a teburinsa, ba Yaya, ba Umma. Ki fara da naki laifin, don shi ne babba: kin sayi kati ba ki duba ba, kin yi wa mai shago gadara, sannan kin ce ta gyaru alhali ba ta gyaru ba. Ki faɗa masa dalili ba tare da kwana-kwana ba, cewa ganin sa a zaune ba ya cin abinci ne ya fi ƙarfinki. Zai yi fushi, yana da haƙƙi, ki bar shi ya yi. Sannan ki ɗauki takarda ki rubuta lambobin nan da manyan baƙaƙe, sha biyu, talatin, ɗari biyu da hamsin, ɗari da ashirin da biyar, ki ajiye masa da alƙalami. Kada ki yi masa lissafin, kada ma ki nuna masa nawa. Wannan lissafi ya yi shi sau dubu kafin a haife ki, kuma kafin ki zauna zai ga inda aka gaza. Ki gaya masa wayar ta yi zafi har da ƙauri. Mai sana'a na gaske idan ya ji haka, shi zai riga ki tashi ya cire ta.

Daga nan ku tafi shago tare. Ke ki karanta kwali, shi ya ɗaga ya ji nauyi, ya leƙa kaurin wayoyi, ya yi wa mai shago tambayoyin da za su sa shi gumi. Ku dawo shi ya ɗaura. Tsohon akwatin kuma kada a jefar. Bolt sha biyu mai kyau yana ciki, zai iya mayar da shi abin gwada rediyo a teburinsa, kuma ya fi ni sanin yadda ake yi. Ke dai kada ki buɗe cikinsa, kwandansa na riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Ranar Asabar kuwa ya sa rigarsa ya tafi. Aikin yana nan, kamanninsa ne suka canza. Zai je ya sa a karanta masa jikin akwatin mai hoton, ya yi lissafi a gabansu, ya ce musu wannan ba zai ɗauka ba, na gwada a gidana na gani, ga irin wanda za ku saya. Babu abin da ke ɗaga darajar mai gyara kamar ya hana mutum aikin da zai cuce shi. Idan ya so ki raka shi ki riƙe masa takarda, ki bi shi. Idan ya ce ki zauna, ki zauna.

Abu ɗaya zan bar ki da shi, kuma ki yi haƙuri idan ya yi zafi. Kin yi kwana huɗu kina fushi da Yayanki don ya ce Baba ya tsufa da wannan aiki. Shi faɗa ya yi da baki sau ɗaya. Ke kuma sati uku kina buɗe masa hoton da aka yi a wata kwamfutar don ya gani ya ji daɗi, kuma tsohon da aka fid da rai da shi ake yi wa haka. Mahaifinki bai kai nan ba. Ki kai masa matsalar yadda take, da zafinta da ƙaurinta, kamar yadda mutane suka yi shekara arba'in suna kai masa, ki tsaya ki ji abin da zai ce.

Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya ƙara masa lafiya da ƙarfin ido, ya sa albarka a aikin hannunku ku biyun.

Kawunku